Yadda ake gasa gurasar dankalin turawa a kasko, irin ta mutanen Norway

Uwargida, idan aka ce gurasa, abin da zai fara zuwa ranki shi ne fulawa da yis da tanderu. To akwai wata gurasar da babu ruwanta da yis, babu ruwanta da tanderu, fulawar ma kaɗan take ci. Mutanen ƙasar Norway, can arewacin Turai, su ne gwanayenta, suna kiranta lompe. Dafaffen dankalin turawa ne da gishiri da 'yar fulawa, a murza shi fale-fale, a gasa a busasshen kasko babu ko ɗigon mai. Idan ta yi kyau tana fitowa da laushi, da ɗige-ɗigen ja a jikinta, kina naɗe ta ba ta karyewa.

Talauci ne ya haife ta. Dankali ɗan asalin tsaunukan Andes ne na Kudancin Amurka, bai isa Norway ba sai wajen tsakiyar ƙarni na 18, kuma limaman coci ne suka riƙa kwaɗaitar da manoma su shuka shi, har a cikin wa'azinsu. Norway ƙasa ce mai tsananin sanyi da duwatsu, hatsin da take nomawa ba ya isarta. Tsakanin 1807 da 1814, lokacin yaƙe-yaƙen Napoleon, sarkin Faransa, jiragen yaƙin Birtaniya suka tare hanyar teku, hatsin da ake kawo musu daga Denmark ya yanke, yunwa ta shigo. Daga nan dankali ya samu gindin zama a kowane gida. Matan karkara suka gane cewa idan aka haɗa shi da ɗan garin sha'ir ko na alkama, garin da da zai ƙare a mako guda sai ya kai su nesa. Na kawo wannan tarihin ne don ki riƙe abu guda a ranki tun kafin ki kunna wuta: a wannan gurasa dankali ne mai gida, fulawa ɗauri kawai take yi. Duk wadda ta bari fulawa ta yi yawa, abin da za ta sauke daga kasko busasshen abu ne mai tauri, babu ɗanɗanon dankali a ciki. Abin da ke sa a tsuga fulawa kuwa shi ne ruwan da ke jikin dankalin. Saboda haka kusan kowane mataki a nan dabara ce ta rage wannan ruwa.

Abin da za ki tanada

- dankalin turawa kilo 1, wato matsakaita kamar 8 zuwa 10
- fulawa giram 200 zuwa 250, kimanin ƙaramin gwangwanin madarar ruwa biyu da rabi zuwa uku, da wata daban a gefe don barbaɗawa
- gishiri ƙaramin cokali 1
- bota ko man shanu babban cokali 2, idan kina so

Wannan zai ba ki gurasa 16 zuwa 18 masu faɗin ƙaramin faranti. Kayan aiki kuwa: tukunya, rariya ta ƙarfe, faffaɗan tire, katakon murza fulawa ko kwalba mai santsi, kasko mai kaurin gindi, da tsumma mai tsabta guda biyu. Game da bota, ainihin lompe ba a sa mata, amma tana ƙara laushi, kuma gurasar takan ɗan fi jimawa ba ta bushe ba. Man shanu yana da ƙarfin ƙanshi, in za ki sa shi ki tabbata soyayye ne, ki kuma rage zuwa cokali guda.

Zaɓen dankali

Dankalin turawa iri biyu ne a wajen mai girki. Akwai mai gari, wanda idan ya dahu yake fashewa, cikinsa ya yi wara-wara. Akwai kuma mai santsi, wanda ke riƙe jikinsa ko ya dahu, ya fi dacewa da miya ko haɗin salak. Mai garin muke nema. A Norway suna amfani da irin su Kerr's Pink, a Amurka kuma Russet. Mu a kasuwanninmu ba a sayar da dankali da sunan iri, abin da motocin Jos suka sauke daga Bokkos da Mangu shi ne a gaban mai tire, kuma da yawansa ya fi karkata ga mai santsi. Wannan ba ya hana gurasa yin kyau, sai dai ki ƙara kula da busarwa.

Ki zaɓi manya waɗanda ɓawonsu ya yi ƙwari. Sabon haƙa, wanda kina goga shi da babban yatsa ɓawon ke salewa, ruwa ne cike da shi, ki bar shi don fate. Wanda ya ɗan kwana biyu a ajiye ya fi. Amma duk wanda ya yi kore a jiki ko ya fitar da dogon tsiro, ki cire shi. Koren nan alama ce cewa haske ya buge shi, kuma tare da shi wani sinadari mai ɗaci ke taruwa wanda ke ɓata ciki, dahuwa ba ta kashe shi. In ɗan tabo ne ki yanke wajen da zurfi, in ya mamaye ki zubar.

Dafawa

Ki wanke shi tas, ki zuba a tukunya da ɓawonsa, kada ki fere, kada ki yanka. Ɓawon ne ke hana shi shan ruwa. Ki zuba ruwan sanyi ya sha kansa, sannan ki ɗora. Idan kika jefa shi cikin tafasasshen ruwa, bayansa zai narke cikinsa bai nuna ba. Da ya tafasa ki rage wuta ya ci gaba da dahuwa a hankali, minti 25 zuwa 30 gwargwadon girmansa. Ki soka siririyar wuƙa a mafi girma, in ta shige har tsakiya ba turjiya, ya yi. Kada ki sa gishiri yanzu.

Ki tsiyaye ruwan duka nan take, kada ki bar shi ya zauna a ciki kina wani aikin. Ki mayar da tukunyar kan ƙaramar wuta, a buɗe, minti ɗaya ko biyu kina girgizawa, har ki ga ɓawon ya bushe. Idan kina da madambaci, turara dankalin ya ma fi dafawa cikin ruwa, sai dai zai ɗan fi ɗaukar lokaci.

Murƙushewa, inda aka fi yin ɓarna

Ki ɓare shi tun yana da zafi, ki riƙe da tsumma ko ki soke da cokali mai yatsu, ɓawon zai fita cikin sauƙi. Ki ɗora rariya a kan tire, ki riƙa sa ɗaya-ɗaya kina dannawa da bayan ludayi, yana zubowa ta ƙasa. Aiki ne mai ɗan cin rai, amma minti goma ne. Idan babu rariya ki murƙushe da cokali mai yatsu, ki bi shi da kyau har babu gudaji ko ɗaya, domin gudaji ɗan ƙarami shi ne zai huda gurasar wajen murzawa.

Na san hannun mace Bahaushiya da ta ga dafaffen abu a gabanta turmi yake nema. Ki bar turmi inda yake. Ki bar na'urar markaɗe ma. Cikin dankali ƙananan ƙwayoyi ne cike da sitaci, idan ya dahu sitacin ya kumbura amma yana nan a killace. Rariya raba ƙwayoyin take yi ba tare da ta farfasa su da yawa ba. Taɓarya da wuƙar injin kuwa fasa su suke yi, sitacin ya malalo, abu ya koma danƙo. Danƙon nan shi ake nema a sakwara, a nan kuma shi ne abokin gaba, domin zai manne miki a hannu da katako, ki yi ta ƙara fulawa har gwangwani biyar bai daina ba. Mutanen Norway da yawa sukan niƙa nasu a injin niƙa nama na hannu, amma sai bayan ya yi sanyi ƙalau. In kina da irinsa, ya halatta.

Idan za ki sa bota, yanzu ne lokacinta, tun da sauran zafi, ki gauraya sama-sama da cokali mai yatsu.

Ya huce sarai

Ki baza shi a tiren, kada ki tara shi tsibi, kada ki rufe da murfi ko leda. So ake tururin ya fice ya tafi da ruwa. In ya huce ki yafa masa tsumma mai tsabta, ki sa a firji, aƙalla awa huɗu, in ya kwana ya fi. Sanyi yana sa sitacin ya sake ɗaurewa, dankalin ya yi ƙarfi, ya daina mannewa. Bambancin kwaɓin da aka yi da dankali mai ɗumi da wanda aka yi da mai sanyi ba kaɗan ba ne, na farkon yakan fi na biyun cin fulawa sosai.

A Norway ɗakin ajiya ma firji ne, mu kuwa sai yadda wutar lantarki ta ga dama. Idan babu tabbacin firji, kada ki bar dafaffen dankali ya kwana a waje, musamman da bazara, zai yi tsami ya yi yauƙi, kuma yana iya cutarwa tun kafin hanci ya ji. Ki dafa da sassafe, ki baza shi siriri a tire biyu a wuri mai iska ko gaban fanka, cikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu ya huce ya sha iska, ki shiga kwaɓi ba ɓata lokaci. Da hunturu abin ya fi sauƙi, busasshiyar iskar da kanta take yi miki rabin aikin.

Kwaɓi

Kafin ki taɓa fulawa, ki shirya komai: kasko a kan murhu, katako a share, tsummoki a shimfiɗe. Dalili shi ne wannan kwaɓi ba ya jira. Kwaɓin fulawa zalla yana son hutu, wannan kuwa da zarar gishiri da fulawa sun haɗu da dankali sai ya fara sakin ruwa, bayan rabin awa abin da kika bari da kyau ya koma caɓal. Don haka ki raba dankalin gida biyu, ki kwaɓa rabi, ki gasa shi ya ƙare, sannan ki kwaɓa sauran.

A kan rabin, ki barbaɗa rabin gishirin da fulawa gwangwani ɗaya. Ki haɗa da yatsu, kina tattarowa kina dannawa, minti ɗaya ko biyu kawai. Ba a buga shi, ba a yi masa doguwar murza, kuma ba a sa ruwa ko ɗigo. Da farko zai yi kamar ba zai haɗu ba, ki ci gaba, zai haɗu. Ki gutsuri kaɗan ki mulmula, ki danna shi a tafin hannu. Idan ya baje gefensa bai tsattsage ba kuma bai manne miki ba, ya yi. Idan yana mannewa, ki ƙara fulawa babban cokali ɗaya, ki sake gwadawa. Cokali-cokali ake ƙarawa, ba a juye gwangwani. Laushin da ake so kamar na fatar kunne ne idan kika matsa.

Ki mulmula shi dogo, ki yanka gida 8 ko 9, kowanne kimanin giram 60, girman ƙwan kaza. Ki rufe su da tsumma, in da firji ki mayar da su ciki kina ɗauko bibbiyu.

Murzawa

Ki barbaɗa fulawa a katako da jikin abin murzawar. A nan kada ki yi rowa, fulawar waje ana kakkaɓe ta, ta cikin kwaɓi ce ke kawo tauri. Ki danna curi guda da tafin hannu ya zama faifai, ki gyara gefensa, sannan ki murza daga tsakiya zuwa waje, da hannu marar nauyi. Bayan kowace murza biyu ki ɗan juya shi, ki leƙa ko ƙasan na neman kamawa, ki ƙara barbaɗe. Kaurin da ake nema milimita 2 zuwa 3, faɗi santimita 15 zuwa 18. In kina son su fito daidai wa daida, ki kifa faranti a kai ki zagaye da wuƙa, ki tara ragowar ki haɗa da curi na gaba.

Masu yin babbar irinta, wadda suke kira lefse, suna da katakon murzawa mai zane-zane a jiki da doguwar siririyar sanda ta ɗagawa, suna gasawa a faffaɗan faifan ƙarfe. Mu a ƙaramin kasko ba ma buƙatar wannan. Ki zura faffaɗar wuƙa ƙarƙashinta, ki ɗaga ta kan tafin hannu, ki kakkaɓe fulawar. Idan kuma kullum tana manne miki, ki tsaga leda mai kauri gida biyu, ki barbaɗa mata fulawa, ki murza a tsakani, ki ɓare ledar sama, ki kifa gurasar a hannunki. Da kin ga wani ɗan kwaɓi ya liƙe a jikin kwalba ko katako, ki kankare shi nan take, shi ne zai yaga ta gaba.

Gashi

Kasko mai nauyi ya fi, na baƙin ƙarfe ko mai kaurin gindi, domin siririn kasko tsakiyarsa ke ƙonewa gefe bai yi zafi ba. Ki ɗora shi a wuta matsakaiciya mai ɗan ƙarfi, ya yi minti uku zuwa huɗu babu komai a ciki. Ki gwada da ɗan barbaɗin fulawa: in ta yi ja cikin daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar, zafin ya yi. In ta yi baƙi nan take da hayaƙi, ki rage. In ta zauna fara tana kallonki, ki ƙara jira. A kan gawayi, ki bari ya ruru ya yi toka-toka a sama, ki baza shi ko'ina a kurfoti kafin ki ɗora.

Ki shimfiɗa gurasar, babu mai. Cikin minti ɗaya za ki ga ƙananan kumburi suna tasowa, launinta ya sauya daga fari zuwa ɗan garai-garai. Ki ɗaga gefe ki duba, in ɗige-ɗigen ja sun fito, ki juya. Ɗaya gefen bai kai na farko daɗewa ba, daƙiƙa 45 zuwa minti ɗaya. Wani lokaci takan kumbura gaba ɗaya, alama ce ta murza mai kyau, ki ɗan danna ta da tsumma iskar ta fita. Sau ɗaya ake juyawa.

Mutane sun fi tsoron ƙonewa, sai su rage wuta, alhali ƙaramar wuta ta fi ɓata ta. Dankalin ya riga ya dahu, fulawar ce kawai ke buƙatar nuna, kuma sirirtarta ta sa minti biyu sun isa. Idan ta yi minti biyar a kasko tana jiran launi, ruwanta duka ya ƙone, ta zama ƙanƙararriya. Gara wuta mai ƙarfi da saurin hannu. Bayan kowace gurasa biyu ki share kaskon da busasshen tsumma, domin fulawar da ta zube tana ƙonewa ta ba na gaba ɗaci da baƙin tabo. Ta farko sau da yawa ba ta yin kyau, ki ɗauke ta a matsayin gwajin wuta, ki ɗanɗana gishiri da ita.

Kina saukewa ki sa ta tsakanin tsummoki biyu, ta gaba ki ɗora a kanta, ki sake rufewa. Kada ki raina wannan mataki. Daga kasko takan fito da ɗan ƙarfi a gefe, tururin 'yan uwanta ne ke ratsa ta ya saukar da ita, bayan minti goma sha biyar ki ga tana naɗuwa yadda kike so.

Idan kwaɓin ya ƙi

Wata rana dankalin ne kawai mai ruwa, kin yi duk abin da ya kamata amma ya ƙi murzuwa siriri. Kada ki zubar, kada kuma ki cika shi da fulawa. Ki bi hanyar mutanen Sikotland da Arewacin Ireland, waɗanda tasu gurasar dankalin mai kauri ce. Ki ɗauki curi babba, ki baje shi da hannu a kan fulawa ya yi kaurin rabin santimita, ki yanka shi gida huɗu, ki ɗan huda da cokali mai yatsu. Ki shafa bota kaɗan a kasko, ki rage wuta zuwa matsakaiciya, ki ba kowane gefe minti uku. Su da ƙwai suke karya kumallo da ita, kuma da zafinta ta fi daɗi. Dankalin Hausa ma wannan hanyar ta fi karɓarsa, saboda zaƙinsa yana sa shi saurin ƙonewa a wuta mai ƙarfi.

Da me ake ci

A Norway an fi sanin lompe da naɗe tsiran alade, a sa soyayyar albasa da miyar tumatir ta kwalba. Ranar 17 ga Mayu, bikin tunawa da kundin tsarin mulkinsu na 1814, yara kan cika tituna da ita a hannu. Mu sai mu cire aladen mu sa namu: tsire ko balangu da albasa da yaji, dambun nama, ko soyayyen ƙwai da attaruhu. Ta karɓi garin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da tumatir yadda ake yi wa gurasar Kano, sai dai kada ki yayyafa mata ruwa, ba ta da kaurin da za ta sha. Ta ɓangaren zaƙi kuma, jikokin mutanen Norway da suka yi ƙaura zuwa jihohin Minnesota da Dakota ta Arewa a Amurka har yau suna shafa wa lefse bota, su barbaɗa sukari, wasu da kirfa, su naɗe, musamman lokacin Kirsimeti. Ki gwada haka da shayi, ko ki sa zuma a madadin sukari. A ganina da nama mai yaji ta fi tafiya, domin ɗan zaƙin dankalin yana kwantar da zafin barkono.

Ajiya

Ki bari su huce sarai a cikin tsumman kafin ki sa a leda. Idan kika ɗaure su da ɗumi, gumi zai taru, gobe ki tarar sun yi yauƙi. A zafin garinmu kada su wuce yini guda a waje. A firji suna kai kwana uku zuwa huɗu cikin leda a ɗaure, a gidan ƙanƙara kuwa wata biyu, amma ki ninke kowacce biyu ki jera su yadda za ki iya zaro adadin da kike so. Wajen ɗumamawa, ki bari ta saki, ki ɗora a kasko mai zafi daƙiƙa ashirin kowane gefe, ki mayar cikin tsumma na ɗan lokaci. In ta ɗan bushe, ki shafa mata jiƙaƙƙen hannu kafin ta hau kaskon.